Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Tirelar Tafi-da-Gidanka

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai wata irin tirela da ake ɗaura wa mota a baya, a cikinta akwai gado da murhu da wurin wanke kwanuka, wata ma har da banɗaki. Iyali su ja ta su tafi hutu, inda dare ya yi musu nan ne gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin da ke ƙera irinta sun yi yawa ƙwarai a Amurka, musamman a Kalifoniya da Indiyana, kuma da yawansu sun rufe tuntuni ba su bar wa kowa littafin ajiya ba. Yau tsofaffin nan sun zama abin nema. Mutane na zaƙulo su daga bayan gidaje da gonaki, su gyara, su goge, su koma hanya da su.

Tambayar farko da mai saye ke yi ita ce: ta wace shekara ce? Amsar ba ta son kai ba ce. Shekara ce ke yanke farashi, ita ce ke nuna irin tagar da za ka nema in gilas ya fashe, ita kamfanin inshora zai tambaya, kuma ita ce za ta gaya maka irin haɗarin da ke kwance a ƙarƙashin daɓe da bayan bango. Mai sayen saniya a kara ba ya tsayawa kan abin da dillali ya faɗa, buɗe bakin dabbar yake ya duba haƙora. Haka za mu yi wa tirelar. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, babu shaida guda da ta isa ita kaɗai. Tara su ake yi, a ga inda bakinsu ya zo ɗaya.

Mataki na farko: karanta takarda, amma kada ka sallama mata

Fara da takardar mallaka, in akwai. Rubuta shekarar da ke jiki, da sunan kamfani, da lambar shasi, sannan ka ajiye ta gefe.

Dalilin ajiye ta shi ne, tirela guda tana iya zama da shekaru uku daban-daban. Akwai ranar da ta fito daga masana'anta. Akwai shekarar samfuri, wadda kamfanoni kan fara tun kaka ta shekarar da ta gabata, ta yadda tirelar da aka ƙera a Oktoban 1964 za a sayar da ita a matsayin samfurin 1965. Akwai kuma shekarar da aka fara yi mata rajista, kuma a da jami'an wasu jihohi wannan suke rubutawa a takarda, ko da tirelar ta shekara tana zaune a filin dila. Saboda haka bambancin shekara ɗaya tsakanin takarda da jikin tirela ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da zai sa ka ɗaga gira shi ne bambancin shekara biyar ko goma, ko ka ga an rubuta cewa ƙirar gida ce alhali ga tambarin kamfani a jikinta. Irin wannan kan faru idan takardun asali sun ɓace, wani ya je ya yi sabuwar rajista ta hanya mafi sauƙi.

A Birtaniya lambar da ke maƙale a bayan tirela ba tata ba ce, ta motar da ke jan ta ce. Ba ta faɗa maka komai game da shekaru.

Mataki na biyu: nemo lambar shasi a jikin ƙarfe

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ba lokaci.

Je gaban tirelar, wurin ƙarafa biyun da suka fito daga ƙarƙashinta suka haɗu a bakin ƙugiyar da ke kama mota. A yawancin tsofaffin tirelolin Amurka a jikin ɗaya daga cikin ƙarafan nan ake buga lamba, a sama ko a gefe, wani lokaci a ƙarƙashin mazaunin tukwanen gas. Wasu kamfanonin kuma ɗan faranti suke kafawa kusa da ƙofa daga waje, ko a jikin dokin ƙofa, ko cikin wani kabad. Duba duka, domin in ka sami lamba a wuri biyu kuma suka yi daidai, ka yi babban rabo.

Sau da yawa ba za ka ga komai ba sai fenti kan fenti da tsatsa. Kada ka ɗauko injin gurza ƙarfe. Lambobin nan da guduma aka buga su da hannu, ba su yi zurfi ba, gurza ta minti ɗaya tana iya shafe abin da ya jure shekara sittin. Sa maganin cire fenti, ka bar shi ya jiƙa, ka kankare a hankali, sannan ka bi da burushin ƙarfe na hannu. In wurin ya fito, goga alli a kai ka share da yatsa: farin zai zauna a cikin ramukan, sai ka ga lambobin sun taso ɗaya bayan ɗaya. In har yanzu da shakka, jira magariba, ka kwantar da tocila a jikin ƙarfen ta haska daga gefe, ba daga sama ba. Inuwar da ke faɗawa cikin ramin ita ce ke raba 3 da 8, ta raba 1 da 7. Ɗauki hoto ta kusurwa daban-daban, ka ɗora farar takarda ka goga fensir a kai don ka sami kwafi.

Ka lura kada ka ɗauki lambar da ba ita ba. Ƙugiyar kanta tana da lambobin kamfanin da ya ƙera ta, haka jak ɗin gaba. Waɗannan na kayan ne, ba na tirela ba. Idan kuma ka ga alamar sabuwar walda a ƙarafan gaba, wataƙila an taɓa canza su, lambar ta tafi da tsofaffin. A tirelolin kamfanin Airstream za ka ga wasu manyan jajayen lambobi a goshi da ƙeya, ko inuwarsu a jikin alminiyum bayan an ɓamɓare su. Su ma ba lambar shasi ba ne, lambar zama ɗan ƙungiyar masu Airstream ce, wadda aka kafa a 1955 da sunan Wally Byam, mutumin da ya assasa kamfanin. Duk da haka rubuta su, domin tsofaffin kundayen ƙungiyar kan nuna wanda ya riƙe lambar da shekarun da ya riƙe ta.

Mataki na uku: ƙirga haruffan

In lambar ta kai haruffa da alƙaluma 17, aikinka ya yi sauƙi. Daga samfurin 1981 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta wajabta tsari guda ga duk abin hawa, wanda ake kira VIN, irin dai wanda masu sayen motocin da aka shigo da su daga Amurka suka saba dubawa a gindin gilashin gaba. Na goma a jerin shi ne shekara. B ita ce 1981, C 1982, D 1983, a tafi haka har H ta 1987. Sai J 1988, K 1989, L 1990, M 1991, N 1992, P 1993, R 1994, S 1995, T 1996, V 1997, W 1998, X 1999, Y 2000. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9, sannan a 2010 aka koma kan A. Ba a amfani da I da O da Q ko'ina a cikin lambar, don kada a rikita su da 1 da 0, kuma a gurbin shekara ba a sa U da Z. To, in ka karanta O a lamba mai 17, sifili ne ka gani.

Tunda jerin yana zagayowa duk shekara 30, harafi guda na iya nufin shekara biyu. F na iya zama 1985, tana iya zama 2015. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2015 kamfanin Shasta ya sake fito da samfurinsa na Airflyte na 1961, da fukafukansa na baya da fentinsa mai launi biyu, guda 1,941 don tunawa da 1941, shekarar da aka kafa kamfanin. Daga nesa ba ka raba ta da ta asali. Amma tirelar 1961 ta gaskiya ba ta fito daga masana'anta da lamba mai 17 ba.

A Birtaniya akwai rajistar da ake kira CRiS tun 1992, kuma tirelolin da ke cikinta za ka ga lambar mai 17 a zane jikin tagogi.

In lambar gajera ce, to kana hannun tsarin kamfanin da ya ƙera ta, kuma kowa da nasa. Wani yana cusa shekara a ciki, wani yana sa tsawon tirela da harafin masana'anta, wani kuwa lissafi kawai yake yi daga ɗaya. Airstream na shekarun 1970 misali ne mai daɗin karantawa: harafin farko darajar samfuri, alƙaluma biyu tsawo, harafi na tsarin gadaje, alƙalami ɗaya shekara, sannan harafin masana'anta, inda J ke nufin Jackson Center ta jihar Ohayo, wadda aka buɗe a 1952. Gargaɗina a nan shi ne kada ka ga 62 a tsakiyar wata gajerar lamba ka yanke cewa 1962 ce. Sai ka tabbatar da tsarin wannan kamfani a wannan zamani, ta hanyar kwatanta lambarka da ta wasu masu irin tirelar waɗanda shekarunsu suka tabbata.

Kusa da inda ka sami lamba, nemi tambari ko lasikar shaida. Tun wajen farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta sa ana manna lasika mai ɗauke da wata da shekarar ƙira da nauyin da tirela za ta iya ɗauka, galibi a gaba ta gefen hagu. Tambarin RVIA kuwa, wato ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan tireloli a Amurka, ba ya riga 1974, shekarar da ƙungiyar ta samu.

Mataki na huɗu: shiga ciki ka tambayi kayan

Wannan matakin na fi so, kuma shi ne ke ceton wanda lambarsa ta ɓace. Masu ƙera tirela ba su ƙera murhu ko madubi ko fitila da kansu, saye suke daga wasu kamfanoni, kuma waɗancan sukan buga kwanan wata.

Kwance madubin da ke jikin ƙofar kabad ko banɗaki ka juya bayansa. Sau da yawa za ka ga hatimin tawada ya dushe, da wata da shekara. Leƙa ƙarƙashin kwamin wanke kwanuka da tocila. Zaro aljihunan kabad gaba ɗaya ka duba bayansu da ƙasansu, domin kafintocin masana'anta sukan rubuta lambar tirela da fensir a jikin katako don kada kayan wannan su gauraya da na waccan. Ɗaga saman murhu ka karanta farantinsa. Duba na firji, da na tukunyar ɗumama ruwa, da akwatin fis.

Yanzu ga yadda ake auna abin da ka samu. Kayan asali koyaushe sun girmi tirelar da 'yan watanni, domin sai an ƙera madubi kafin a kafa shi. Saboda haka a cikin kayan da ka tabbatar na asali ne, wanda ya fi kowa ƙuruciya shi ne ke ba ka iyakar ƙasa: tirelar ba za ta girme shi ba. In madubi ya ce Maris 1958, kwami ya ce Yuni 1958, to an haɗa ta bayan Yunin 1958, kuma da wuya ta wuce shekara guda daga nan. Kayan da aka canza kuwa ba su da bakin magana a kan haihuwarta. Yadda za ka gane canji shi ne ka dubi gefen abin: ramukan sukurori da babu komai a cikinsu, katakon da aka yanka don a faɗaɗa gurbi, inuwar wani abu mafi girma a jikin bango.

Akwai wata dabara mai sauƙi da mutane ke tsallakewa, wato adireshin da ke jikin faranti. Amurka ta fara lambar gidan waya mai alƙaluma biyar ranar 1 ga Yulin 1963. In farantin murhu ko na tirelar kanta yana ɗauke da sunan gari da alƙaluma biyar a bayansa, ba a buga shi kafin 1963 ba. In kuwa ka ga alƙalami ɗaya ko biyu tsakanin sunan gari da na jiha, tsohon tsarin shiyya ne da aka fara a 1943. Sai dai rashin alƙaluma biyar ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin kamfani kan ci gaba da kafa tsofaffin farantansa har su ƙare.

Fito waje ka durƙusa gaban fitilun baya. A jikin jar robar akwai ƙananan haruffa da suka taso, galibi SAE da wasu haruffa da alƙaluma biyu, kamar 62 ko 68. Alƙaluman suna nuna shekarar ƙirar fitilar, ba ranar da aka zuba wannan robar ba, kuma fitila guda takan yi shekaru ana sa ta. Iyakar ƙasa ce ita ma.

Tukwanen gas suna da wata da shekara a buge jikin ƙarfen da ya kewaye bakinsu. In kwanakin sun fi ɗaya, mafi tsufa shi ne na ƙira, sauran na sake gwaji ne. Tukunyar da marfin buɗe ta ke da kusurwa uku tana da na'urar hana cikawa fiye da kima, wadda aka wajabta a Amurka daga 2002, don haka ko tukunyar sabuwa ce ko an canza mata kai. Tayoyi kuwa kusan kullum an canza su, amma duba ta safiya, wadda takan kwana shekaru ba a taɓa ta ba. A ƙarshen lambar da ta fara da haruffan DOT a jikin taya, alƙaluma huɗu na nufin mako da shekara daga 2000: 2315 mako na 23 ne na 2015. Alƙaluma uku na kafin 2000 ne, kuma na ƙarshen ba ya faɗin ko 1978 ne ko 1988. Ko mene ne amsar, tayar da ke da alƙaluma uku kada ta hau titi da kai.

Mataki na biyar: dubi siffa, ka auna tsawo

Siffa ba ta ba da shekara, zamani take bayarwa. Ƙananan tireloli masu zagayayyen gaba da baya, waɗanda cikinsu katako ne mai ruwan zuma da aka shafa wa bani, da akwatin ƙanƙara a madadin firji, sun fi yawa a shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Murhu ruwan hoda ko shuɗi mai haske na wannan zamanin ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 bodi ya fara zama mai kusurwa, bango ya yi duhu, murhu da firji suka koma kore irin na fiya ko ruwan ɗorawa mai duhu. In bodin faiba ne da aka zuba shi ɓari biyu aka haɗa a ciki, kamar Boler da aka fara a Winnipeg ta Kanada a 1968, to kada ka nemi shekararta a 1950.

Wasu kamfanonin sun bar alamomin da suka fi haka kaifi. Fukafukan Shasta sun bayyana a 1958. Serro Scotty ta Pensilbaniya ta fara a 1957. A Airstream, tsaya a gaba ka ƙirga fallayen alminiyum da aka jera suka yi kumburin goshi: 13 na nuna kafin 1958, daga nan suka koma 7, daga baya cikin shekarun 1960 suka koma 5. Leƙa ƙasa: in aksul ɗin ba shi da sifirin mai ganye, na roba ne mai murɗawa, irinsa kamfanin ya koma sa wa daga 1961. Tagogi masu lanƙwasasshen gilas marar firam na 1966 zuwa 1968 ne, kuma sanin haka na da amfani tun kafin ka biya kuɗi, domin gilashin nan ba a kowane shago ake samunsa ba.

Sai tef. Ana auna tirela daga bamban baya har bakin ƙugiya, ba ɗakin kaɗai ba. A 1969 Airstream ya sake fasalin bodi, kusan kowane samfuri ya ƙaru da ƙafa ɗaya: Safari daga 22 zuwa 23, Overlander daga 26 zuwa 27, Sovereign daga 30 zuwa 31. A ce mai sayarwa ya rantse maka Overlander ɗinsa ta 1965 ce, ka ja tef ka sami ƙafa 27, lambar kuma ta fara da harafi da 27. Ba sai ka yi musu da shi ba, wataƙila shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Nuna masa tef ɗin.

Mataki na shida: kai wa waɗanda suka sani

Haɗa hotunanka: gaba, baya, gefe biyu, lamba, faranti, tagogi daga kusa, murhu, fitilun baya. Kwatanta su da tsofaffin takardun talla na kamfanin, shekara bayan shekara, kana duban inda ƙofa take, yawan tagogi, da yadda layin fenti ya karya. Ƙungiyar masu tirela ta Tin Can Tourists, wadda aka fara a Tampa ta Fulorida a 1919 aka kuma farfaɗo da ita a 1998, tana tattara bayanan kamfanoni masu yawa, har da waɗanda suka mutu. A Elkhart ta Indiyana akwai gidan tarihi na wannan sana'a mai ɗakin karatu cike da tsofaffin mujallu. Kamfanin da ke raye kuwa, kamar Airstream, a rubuta masa kai tsaye da lambar.

Abin da za ka yi da amsar

Ɗauki takarda ka ja layi biyu. A ɗaya ka jera duk shaidar da ta ce "ba kafin shekara kaza ba", a ɗayan duk wadda ta ce "ba bayan shekara kaza ba". Tazarar da ta rage a tsakiya ita ce amsarka. Wani lokaci shekara guda za ta fito cif. Wani lokaci sai ka tsaya a kan 1962 zuwa 1964, kuma gara ka faɗi haka ga mai saye ko kamfanin inshora da ka zaɓi guda don ta fi daɗin ji.

In amsar ta faɗa kafin 1980, ka yi hattara wajen gyara. Tayil ɗin daɓe mai inci 9 kowane gefe sau da yawa yana da asbestos, shi da gam ɗin da ke ƙarƙashinsa, kuma ƙurarsa ce ke lalata huhu, don haka kada ka gurza, ka kai gutsure a gwada tukuna. Sai a 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma. Wayarin, da bututun gas, da na'urar ɗumama ɗaki, duk a sa ƙwararre ya duba kafin wani ya kwana a ciki, a kuma kafa na'urar da ke ƙara in iskar gas mai guba ta taru.

In takarda da ƙarfe sun saɓa sosai, ko lambar ta ɓace ɗungurum, kada ka sayi tambarin buga lamba ka gyara da hannunka, ko da ka tabbata abin da za ka buga gaskiya ne. Taɓa lambar shasi laifi ne. Je ofishin rajistar motoci na jihar da hotunanka da kwafin fensir ɗin nan, su turo jami'i ya duba ya tabbatar ba ta sata ba ce, sannan su gyara takardar ko su ba tirelar sabuwar lamba ta hukuma. Wannan binciken a yi shi kafin kuɗi su bar hannunka.